Motar da ta iso bayan mai ita

Ina zaune a rumfa ina ɓarar wake, kwana tara da fitata takaba, sai wayar Malam ta yi ƙara. Tun ranar da ya rasu ban kashe ta ba. Ina sa mata wuta kamar tawa, in ajiye ta a kan taga. Da farko masu ta'aziyya ne ke kira, daga baya aka daina. Na share hannu a zane na ɗauka. Wani namiji ya yi sallama, ya ce a ba shi Malam. Na ce Malam ya rasu tun farkon damina. Sai na ji yana innalillahi.

Ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, wallahi ban ji ba. Shi ne ya ce kar in ƙara kiransa sai ranar da mota ta taka Yamai, don ya gaji da jin gobe da jibi. To, ta taka. Tana duwan, wurin 'yan kwastan, tun shekaranjiya."

Na yi masa godiya, na ce zan neme shi. Na koma kan waken har na gama ƙwaryar, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba in na tsaya.

Ku da kuka yi ta aiko mini da gaisuwa a nan wata huɗu, na ce zan ba ku labarin inda na je a makon jiya. Sai na fara da abin da ya kai ni.

Mijina ɗan kasuwar hatsi ne. Shekara ashirin da wani abu yana bin kasuwannin Kurfai. Da kaka, lokacin da kowa ke fiddo hatsi da wake don biyan buƙata, shi yana saye yana zubawa a sito. Ba ya buɗe sito sai bazara ta yi nisa, rumbuna sun fara ƙara in an buga su. Duk abin da muka ci muka sha a gidan nan, daga iya jira ya fito. Ya san makon da tiya za ta faɗi, ya san makon da za ta ɗaga, kuma da wuya ya kuskure.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai, motar haya. Sau nawa ya dawo gida ransa a ɓace don direba ya bar masa buhuna a tasha ya ɗauki na wani. Ya ƙudura sai ya mallaki tasa, ƙaramar bas, ƙanensa ya riƙa ja. Ya yi kiwon bijimai ya sayar, ya sake yi ya sayar. Shekara uku da suka wuce kuɗin ya cika, har da na duwan. Lokacin ta Kwatano motoci ke shigowa. Sai magana ta tashi a tasha, wai za a rage kuɗin duwan in sabuwar shekara ta kama. Malam ya ce a dakata. Ya ɗauki duwan kamar hatsi: abin da ya hau, yana da kakar da zai sauko. Shekara ta kama, ba a rage komai ba. Daga nan aka rufe iyaka da Benin, motoci suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina, su yi makonni suna jiran ayari. Farashi ya yi tsalle. Malam ya ce wannan bazara ce, kaka na tafe. Ya ƙara jira. Sai a bazarar da ta wuce ya haƙura, ya kai kuɗin wurin wani mai fiton kaya a Yamai, irin waɗanda ake ce wa tiransita. Kuɗin da a da zai sayi mota mai ƙuruciya, sai ya sayi wadda ta girme ta da shekaru. Wata biyu bayan haka ya faɗi a gona ana noman farko. Kwana biyu ya yi a likita. Allah ya jiƙansa.

Da yamma na kai maganar wurin wan Malam, shi ne babba a gidan yanzu. Ya saurara, ya ce abin da ya fi a sayar da ita can inda take, a kawo kuɗi a raba wa marayu. Ni kuwa na san yadda kuɗin gado ke narkewa. 'Ya'yana huɗu, babbar tana lise, wato babbar sakandare. In motar ta zo gida, ƙanen Malam zai ja ta, su ci su yi karatu daga abin da ta kawo. In an sayar an raba, kafin wata damina ba sauran labari.

Na ce, "Yaya, ba ni sa baki a saida abin da ban gani da idona ba. Ina son in tafi."

Ya ce, "Ke mace, mi kika sani ga duwan?"

Na ce ban san komai ba, shi ya sa zan je. Bai ce in je ba, bai ce kar in je ba. Na ɗauki shirunsa a matsayin izini.

Mun tashi da asuba ranar Litinin, ni da ƙanen Malam. Muna idar da salla muka nufi tasha, takardun motar cikin leda a ƙirjina, ƙarƙashin hijabi. Motar da muka samu ta ga duniya. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kujerar da na zauna kuwa buhun wani ne aka shimfiɗa wa tabarma. Jikka biyar, wato sefa dubu biyar, aka ce kowane mutum. Na ce rabona da Yamai ba haka na biya ba. Direban ya ce, "Hajiya, taya duwan, batir duwan, hatta ƙusar da ta riƙe kujerarki sai da ta gaida duwan kafin ta zo nan." Na ce ai ni ban ga kujera ba balle ƙusa. Aka yi dariya, na biya. Ba mu bar Filinge ba sai da rana ta fito, don ba mai son hanya da duhu a shekarun nan.

Wata huɗu ban fita ƙofar gida ba, sai ƙasar ta zo mini kamar baƙuwa. Na shiga ɗaki hatsi bai kai gwiwa ba, na fito an gama girbi. Gonaki duk kara ne a kwance, shanu sun shiga suna ci. Amalanke na bin gefen hanya da dammunan hatsi, wasu da harawa an ɗora ta har ba a ganin mai kora. Gawo ya fara fidda ganye, shi da ya yi damina tsirara. Daga nesa jajayen tsaunukan da ke bakin dogon kwarin nan da ake ce wa dallol suna tafe da mu, goriba na tsaye a kwari. Na yi ta ƙirga sababbin rumbuna ba da niyya ba, don haka Malam ke yi in muna mota, daga nan yake gane yadda shekara za ta kasance. Da na lura da abin da nake yi sai na maida idona cikin mota.

A cikin motar kuwa hira ta koma kan tsada. Wani dattijo da ke gabana, riƙe da kwandon zabi zai kai wa ɗansa, ya ce ai an kusa hutawa, ɗansa ma'aikaci ne, ya tabbatar masa da sabuwar shekara za a rage duwan. Wani ya ce shi ma ya ji. Na uku ya ce har an sa hannu, sanarwa ta rage. Maganar nan ce, ba a canza mata ko zane ba, ita ce ta shigo gidana shekara uku da suka wuce. Sai ƙanen Malam ya sunkuyo ya ce, "Matar yaya, kin ji? Mu sauka mu koma gida mu jira."

Na ce, "In ka ƙara, nan za ka sauka ka bi amalanke."

Tun rasuwar bai yi mini wasa ba sai ranar. Da can ba ya shiga gidan bai tsokane ni ba, ko kan gishirin miya ko kan tsufa. Ya juya fuskarsa wajen taga, ni ma na juya tawa.

A Bonkuku aka tsaya aka sauke buhuna, mata suka kewaye mota da gyaɗa da dafaffen rogo. Kafin Tabla muka sauka a shinge, kowa ya nuna kartarsa ta shaidar ɗan ƙasa, aka duba kaya, zabin dattijo suka yi ta kuka kamar su ma an tambaye su takarda. Hanyar wani wuri lafiya, wani wuri direba ya bar kwalta ya bi gefe don gefen ya fi ta kyau. A Baleyara muka ci abinci. An ci kasuwa jiya, garin duk ya gaji, filin dabbobi ba kowa sai kashin shanu da igiyoyi. Na sayi kopto, wato zogale da ƙuli, na ɗari da hamsin, da dambu kaɗan. Matar ta zuba mini barkono kamar tana fushi da ni, amma ya yi daɗi. Ƙanen Malam ya tsaya gaban mai gasa zabo, ya tambayi kuɗi, ya dawo ya ce shi dama nama na sa masa ƙaiƙayi.

Mun shiga Yamai bayan azahar, muka sauka gidan ƙanwar mahaifiyata. A hanyar zuwa gidan ne taksi ya bi da mu ta gaban wani kanti mai bangon gilashi, motoci a ciki suna sheƙi, kujerunsu cikin leda. A wurinmu in an ce sabuwar mota, ana nufin wadda ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, ko da Bature ya yi shekara goma sha biyar yana hawa. Waɗannan kuwa sababbi ne na gaske. Da la'asar na ce wa ƙanen Malam mu koma in ji kuɗinsu, ba don komai ba sai don in san iyakar abin. Mai tsaron kantin ya karɓe mu da mutunci, ya faɗi farashin bas irin tamu. Na sa ya maimaita. Kuɗin zai sayi duk shanun unguwarmu. Ya ce kaso mai yawa a ciki ba na motar ba ne, na hanya ne da na shigo da ita. Ya ƙara da cewa in da hali a saya yanzu, don za ta ƙara hawa. Na riƙe maganar.

Washegari tiransitan da ya kira wayar Malam ya zo ya ɗauke mu. Mutum ne mai furfura kaɗan, ya sake yi mini ta'aziyya har sau uku. Ya ce Malam ya fi kowa tambaya cikin masu ba shi aiki, kullum sai ya ce, "To yaushe za shi sauka?" kamar ana maganar ruwan sama.

Filin duwan yana da girma. Motoci jere jere a rana, kowace da lamba an rubuta a gilashinta. Na gaba gaba masu tsabta ne. Can ciki kuwa akwai waɗanda tayoyinsu suka kwanta, ciyawar damina ta fito ƙarƙashinsu ta bushe. Na tambaya. Tiransita ya ce masu su ne ba su zo ba, wani kuɗi ya gaza masa, wani yana jiran ragi. Ya ce kowace rana da mota ta kwana a nan akwai kuɗin ajiya, kuma akwai wa'adi, in ya cika hukuma na da ikon yin gwanjonta.

Tamu fara ce. A gefenta akwai hoton burodi da rubutun da ba Faransanci ba, ga alama mai gidan burodi ne ya yi ta aiki da ita a can. Baya babu kujeru, sai an sa. Ƙanen Malam ya zagaya ta sau uku, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya buɗe inji ya shinshina. Da aka kawo makulli ya tayar, ya kasa kunne ya daɗe, sannan ya ce, "Lafiyarta lau. Yaya bai yi asara ba." A aljihun gaba ya tsinci wata roba mai faɗin baki, ya ce wannan ta kankare ƙanzo ce, Turawa ma ashe suna tuwo. Tiransita ya ce da ita suke kankare ƙanƙara daga gilashi da safe. Muka tsaya muna kallon abin, gumi na zuba mana.

Na buɗe ƙofar gaba na zauna. Malam ya taɓa ce mini in ta zo, kafin ta ɗauki buhu ko ɗaya, ni za ta fara kaiwa Damana in gaida dangin uwata. Na zauna kamar minti biyar. Su biyun suka ba ni baya suna duba taya. Na gama na fito.

Daga nan muka shiga ofis. Wata ma'aikaciya cikin kaki ta karɓi takardun, ta juyo mini da na'urar don in gani da idona, ko da yake karatuna a aji shida ya tsaya. Yadda na fahimta, ba abin da ka biya ka sayi mota kaɗai ake dubawa ba. Suna da nasu lissafin darajarta, gwargwadon irinta da shekarunta, a haɗa da kuɗin kawo ta, sannan a fitar da na hukuma a kan jimlar. Ga kuɗin hanya da ya ninka tun da hanyar ta yi tsawo, ga na ajiya. Duk wanda ya fitar da mota zai ɗora wannan a kan mai saye, mai saye ya ɗora a kan fasinja. Shi ya sa tsohuwar motar da ta kawo mu, mai ƙofar igiya, ita ma ta yi daraja, don wadda za ta maye gurbinta ta yi nisa. Abin da Malam ya ware don duwan, da tsohon lissafi ya ware shi, kuma jinya da sadakar uku da ta arba'in sun taɓa shi. Abin da ya rage a cika ya kai kuɗin bijimai biyu masu ƙiba.

Na tambaye ta ko gaskiya ne za a rage da sabuwar shekara. Ta yi murmushi irin na wadda ta gaji da tambaya ɗaya. Ta ce, "Inna, ba ni na sa ba, ba ni ke ragewa ba. Abin da ke rubuce yau shi na sani. Na gobe ban gan shi ba, kuma duk wanda ya ce miki ya gani, ki tambaye shi takarda."

Sannan ta nuna mini sunan Malam a saman takardar. Ta ce ko da na zo da kuɗin cif, ba za a ba ni mota da sunan mamaci ba. Sai na kawo takardar mutuwa da takardar gado daga kotun garinmu, dangi su zauna su naɗa wanda zai tsaya wa magada, manya su sa hannu. Wannan ban san da shi ba. Na yi mata godiya, don ba ta ɓoye mini komai ba.

Muna fitowa dillalai suka taso. Ban san yadda labari ke riga mutum fita ƙofa ba. Su uku ne, duk da manyan riguna da makullai a hannu. Na farko ya yi mini ta'aziyya da murya mai taushi, ya ce don marayu zai taimaka, zai saye ta yadda take, duwan da takardu duk a bar su a wuyansa. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da Malam ya zuba ba. Ya ce in yi sauri, don da an buɗe iyaka motoci za su cika gari, tamu ta zama ba a bakin komai ba. Jiya mai kanti ya ce in saya yanzu don za ta hau, yau dillali ya ce in sayar yanzu don za ta faɗi. Kowa ya san gobe, kuma goben kowa ta dace da abin da yake so a hannuna.

Na ce zan yi shawara. Sai na biyun ya ce wa na farko da Zabarmanci, ƙasa ƙasa, a ƙyale ta, 'yar ƙauye ce mijinta ya mutu, kafin la'asar za ta dawo da kanta. Uwata 'yar Damana ce, da Zabarmanci aka yi mini reno. Na juya na gaishe shi da harshen, na tambaye shi gida da iyali, sannan na ce masa kar ya ɓata la'asar ɗinsa yana jirana. Na ce mijina ya yi shekara uku yana jiran motar nan, ba a hannun wanda bai san sunansa ba za ta ƙare. Ya ce, "Kala suru, Hajiya," wato in yi haƙuri. Na ce haƙuri na yi shi wata huɗu da kwana goma, yanzu aiki nake yi.

Muna fita titi ƙanen Malam ya dube ni. Ya ce, "Matar yaya, ashe haka kike? Shekara ashirin ina tsokanar ki, Allah ya tsare ni."

Mun kwana biyu a Yamai. Na bar wa tiransita kwafin takardun, na riƙe na asali. Ranar Laraba muka kamo hanya. A Hamdallahi motar ta yi faci, muka zauna ƙarƙashin itacen bedi muna shan ruwan leda, nan na gama shawarata. Ban gaya wa kowa ba har muka iso Filinge da la'asar.

Ranar kasuwa na sa aka buɗe siton Malam, aka fiddo waken da ya rage da wanda na noma a gamanata, 'yar gonata ta kaina, aka kai kasuwa. Na sa aka ja raguna huɗu da nake kiwo don Layya. Sai da kasuwar hatsi ta tsaya kallo. Abokan cinikin Malam suka taso ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho da suka yi shekaru suna rumfa ɗaya ya riƙe bakin buhu ya ce, "Ɗiyata, wake da kaka? Daga siton Malam? Da shina da rai da ya suma. Ki bari wata huɗu kawai ki gani."

Na ce, "Baba, na sani. In na bari wata huɗu waken zai ƙara kuɗi. Motar kuma tana can tana cin nata kullum, ba ta san kaka ba, ba ta san bazara ba. A auna."

Aka auna. Na san na faɗi a waken, na faɗi a ragunan, ba sai an gaya mini ba, a gidan ɗan kasuwa na tsufa. Ƙanen Malam ya kawo abin da ya tara, na haɗa da 'yan kunnena na aure. Kuɗin ya cika, har da ɗan abin sa kujeru.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Hatsi Allah ke saukar da farashinsa, da ruwa da girbi, kuma mai ido yana ganin alama tun daga gona. Duwan ba a shuka shi. Mutane ne ke zama a ofis su rubuta, hanya ta rufe ko ta buɗe ba da shawararka ba, kuma ba wata alama da za ka gani daga tashar Filinge. Ban ce kowa ya ruga ya sayi mota ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, jira dole ne. Amma wanda kuɗinsa ya cika, kuma aikin da motar za ta yi yana nan yana jiransa, ya je ofishin da kansa ya tambayi abin da ke rubuce yau, ya yi lissafi a kansa. Ba na zargin Malam. Da jiran nan ya ciyar da mu, ba zan ce masa laifi ba don sau ɗaya ya kai shi inda ba ya aiki. Amma ni ba zan maimaita ba.

Saura sa hannun wan Malam. Na je masa da takardar da na riga na karɓo daga kotu ranar da na dawo daga kasuwa. Ya ji abin da na yi da waken kafin in iso. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ba ƙin marayu yake yi ba. Ya ce hanyar arewa ba lafiya, an sha tare mota a karɓe, in dukiyar yara ta tafi a rana ɗaya wa zai amsa a gaban Allah, shi ko ni? Maganarsa tana da nauyi, ban raina ta ba. Na ce motar kudu za ta riƙa yi, tsakanin nan da Baleyara da Yamai, da rana, kamar kowa. Sai ya ce to a bari sabuwar shekara ta kama tukuna, ya ji ana cewa za a rage.

Na ce, "Yaya, wagga magana na san ta. Shekara uku tana kwana gidana. Ƙanenka ya jira ta har ya tafi bai ga motarshi ba. Ni ba ni jiran ta."

Ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, ranar ma ban ɗaga ba. Ya ce in tashi in tafi, zai yi tunani.

Yau kwana biyar ke nan. Kullum da safe in na gama aikin gida sai in sa hijabi in je in gaishe shi, in ajiye takardar a gefen tabarmarsa, in zauna. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi yara, in ɗauki takardata in dawo. Motar tana Yamai, kuɗin ajiya na ƙaruwa, kuɗin fitar da ita suna hannuna. Bai sa hannu ba tukuna.